Kitson Biko

Inna ba ta taɓa kiran Yaya da sunanta ba. Yaya ce 'yarta ta fari, kuma a garinmu, wani ɗan ƙauye a gefen Yekuwa, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Da aka yaye Yaya, kakarmu ta wajen uba ce ta ɗauke ta, shi ya sa in magana ta kama dole Inna takan ce “ɗiyar tsohuwa”. In ta dama fura mai kyau sai ta ajiye ƙwaryar a bakin ɗaki, ta ce da iska wai mai jin yunwa ga fura nan. Duk gidan mun san wa ake nufi. Mata har misali suke yi da Inna, su ce ga mai kunya, ba a taɓa ganin ta haɗa ido da 'yarta ba. Ni kuwa, ta uku a ɗakinmu, sunana a bakinta yake wuni, yawanci da faɗa, don tun ina ƙarama bakina ba ya shiru.

Abin da zan faɗa ya faru da kaka, ba da daɗewa ba bayan farin nan da ya cinye shanun mutane. Ina aure a Magarya lokacin, na zo gida wankan haihuwata ta fari. Mai jego ba ta fita, don haka duniyata ta tsaya tsakanin ɗakin Inna, tukunyar ruwan zafi da kunun kanwa. Da zaman ya ishe ni sai na ci gaba da sana'ata daga zaune. Matan garin su zo, in miƙe ƙafa, su ɗora kai, in yi musu kitso jaririna na barci a gefe.

Wajen kakarmu na koyi kitso, kuma kitso ne ya fara buɗe mini ido. Mace tana iya gyara fuska ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, amma in ta cire ɗankwali ta ɗora kai a cinyarki, ba sauran ɓoyo. Na ga ƙulu, na ga tabo, na ga inda aka finciko gashi har saiwa bai sake fitowa ba. A Magarya na ga haka a kan matan 'yan kasuwa masu zuwa Kano, na gani a kan matar wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai sa takalmi sau-ciki, na zo ƙauye na tarar da shi yana jirana. In na taɓa wurin mace ta zabura, sai ta riga ni magana: ƙofar ɗaki ce ta buge ta, ko guga a bakin rijiya, ko saniya wajen tatsa. Har na taɓa ce wa wata lalle ƙofofin ƙasar nan sun fi jakuna shuri. Ta yi dariya har da hawaye, can dariyar ta tafi, hawayen suka ci gaba. Ni mijina tela ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma in na faɗi haka sai a dube ni kamar wadda ta tsinci kuɗi a hanya.

Wata rana da hantsi Yaya ta shigo. Daga garin aurenta, can wajen Dungas, a ƙafa ta zo, ba takalmi, gindin zanenta duk ƙarangiya. Ba ta ɗauko komai ba, ko 'ya'yanta biyu. Na yi mata sannu daga inda nake zaune ba ta amsa ba, sai da ta ga bakina yana motsi ta juyo da gefen dama. Kunnenta na hagu ya mutu tun marin da mijinta ya yi mata bara, wannan kowa ya sani. Amma ranar na ga na damar ma cushe da auduga, ruwa-ruwa yana ɓullowa. In ana son ta ji, sai an tsaya a gabanta an ɗaga murya.

Inna tana bakin murhu tana dafa mini ruwan wanka. Sau ɗaya ta ɗaga ido, ta mayar da kai ga wuta. Ta ce da ni in gaya wa ɗiyar tsohuwa akwai ruwan zafi in tana so. Sai ta yi ta tura itace a murhun har harshen wuta ya rufe tukunyar, ba ta lura ba sai da na yi magana.

Mijin Yaya ba baƙo ba ne, abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Ɗan Goggo ne, yayar Baba wadda ta goya shi bayan rasuwar ubansu, wadda bai taɓa ce mata a'a ba. Taubashinmu ne, muna yara nakan tsokane shi ya bi ni da gudu muna dariya. Tun farkon auren yana da saurin hannu, amma da fari ya kashe musu garke sai abin ya zama na kullum. Tuwo ya yi sanyi, duka. Yaro ya yi kuka, duka. Wannan ba shi ne yajin Yaya na farko ba, ba kuma na biyu ba. Kowane karo hanya ɗaya ake bi: a bar ta ta huce, a zo biko da goro da sabon zane, dattawa su zauna a zaure, ya rantse ba zai ƙara ba, a ba ta haƙuri, ta koma. Ga kuma wata igiyar da ta ɗaure Baba. 'Yan shanun da suka rage masa suna cikin garken gidan Goggo, har da bijimai biyu na amalanke da ake kwaso mana hatsi da su daga gona. A lokacin dammunan geronmu suna tare a gona, ana jiran amalanken.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya sake a gidan. Kowa kunnensa na hanya. In aka ji ƙarar amalanke daga nesa sai masu daka su tsaya da taɓarya a sama, har sai ya wuce. Yaya ba ta jin ƙarar, fuskokinmu take kallo, in ta ga mun tsaya ita ma sai ta miƙe tsaye. In aka ɓullo mata ta baya kuwa sai ta dunƙule ta kare kai da hannu, ko da ƙanenmu ne ya zo wucewa. Ba ta cin abinci sai kaɗan. Ɗankwalinta ba ta cire shi ko da barci, na yi mata tayin tsifa ta girgiza kai.

Na tare Baba wata safiya zai fita, na ce masa in aka mayar da Yaya wannan karon gawarta za a aiko mana. Baba ba mugu ba ne, mutum ne mai gudun magana, irin wanda in rigima ta taso yakan tuna yana da aiki a gona. Ya ce aure ɗan haƙuri ne, kuma na zumunci ya fi kowane, ni mai jego ce in kama bakina kada nonona ya ƙafe. Na koma wajen Inna a fusace na ce ita ce uwa, ta yi magana mana. Ta ce ita ba ta da baki a kan ɗan fari, da ma tsohuwa na da rai ne. Tsohuwa kuwa ta rasu tun kafin farin. Na ji haushin Inna ranar, haushi sosai, har na ƙi shan kunun da ta dama mini.

Ranar da masu biko suka zo, da bijiman Baba suka zo. Goggo ce a kan amalanken da dattawa biyu na gidan mijinta, shi kuma gogan yana riƙe da igiya. Bai shigo ba, ya tsaya a gindin gawo a ƙofar gida, don suruki ba ya haɗuwa da uwar matarsa. Dattawa suka zauna da Baba a zaure. Ko goron da suka kawo ba a gama rabawa ba aka gama magana. Ƙanenmu ya leƙo ya ce an daidaita, za a tashi bayan la'asar don a isa da sauran haske.

Goggo ta shigo cikin gida da zane da ɗankwali sababbi. Ta dubi Yaya sama da ƙasa ta ce ba a mayar da mace ɗakinta da tsohon kai, tun da ga mai kitso a gida a yi mata na komawa. Haka al'adar take, wadda aka yi wa biko takan koma da sabon kitso, don maƙwabta su ga an shirya. Na ce da Goggo, a'a, ɗanki ya tsefe, ya zo ya kitsa. Ba ta yi fushi ba. Ta miƙo mini hannunta na hagu, ƙaramin yatsan a karkace kamar lauje.

“Ke yarinya ce. Wace ce a cikinmu ba a taɓa ba? Uban yaron nan ne ya yi mini wannan, ga ni ban mutu ba, har na ga jikoki.”

Ta ɗauki buta ta tafi maƙwabta gaisuwa da salla. Na zauna ina huci. Yaya ce da kanta ta zo ta durƙusa a gabana, ta ce in yi mata kawai, 'ya'yanta suna can ba wanda zai yi musu wanka. Ta kwance ɗankwalin a hankali, don ya manne.

Wari ne ya fara bugo ni. Tsohon kitson ya cukuikuye da busasshen jini da toka. Na jiƙa shi da ruwan ɗumi ina tsefewa kaɗan-kaɗan, sai ga shi a bayan kunnen dama: tsaga mai tsawon yatsa, bakinta a buɗe, ta fara ruɓa. Da na taɓa gefenta sai na ji wurin ya lotsa, ba ƙarfin ƙashi irin na kai. Na ga kawuna da yawa, ban taɓa ganin irin wannan a kan mai rai tana tafiya ba. Na zagayo gabanta na tambaye ta da me. Ita ba ta ce ƙofa ba. Ta ce ƙotar fartanya ce, maraƙi ne ya kwance ya shanye nonon safe. Ta ƙara da cewa ɗan cikin da take da shi ma a ranar ya zube, ba ta gaya wa kowa ba.

Rana ta riga ta karkata. Ina jin dattawa a zaure suna hira a kan kuɗin gyaɗa, har da dariya. Na ƙwala wa Inna kira ta kawo mini man shanu. Ta kawo, ta ajiye daga nesa yadda ta saba, fuskarta a gefe, za ta juya. Na ce hannuwana biyu a cike suke, ta zo ta riƙe mini gashin nan. Ta ce ni dai ba ni da kunya. Na ce e, ba ni da ita, kuma in ba ta riƙe ba na fasa kitson, sai ta je zaure da kanta ta gaya musu dalili.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta matso ta durƙusa a bayan Yaya, ta miƙa hannu ba ta kallo, na kama yatsunta na ɗora a wurin. Sai ta duba. Tun ranar yaye hannunta bai sake hawa kan nan ba. Na ga yatsun nata suna bin gefen tsagar a hankali, suka tsaya inda ya lotsa. Yaya ba ta san an canza hannu ba, tana sunkuye tana kallon ƙasa. Na jira Inna ta ce wani abu. Ta tashi, ta goge hannu a zane, ta shige ɗakinta ta saki asabari.

Nan na yanke ƙauna. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na kitsa abin da zai kitsu, na bar gefen dama a kwance. Na ja aikin iya ja, ina warware wanda na gama in sake, har Goggo ta dawo ta tsaya a kaina ta ce in ba gashin nake shukawa ba ai ya isa haka. Ba ta dubi gefen dama ba, ko ta duba ta ɗauke ido, Allah ne masani. Ita ta ɗaura wa Yaya sabon ɗankwalin, ta ja shi har ya rufe kunne.

Aka yi la'asar. Aka kama bijimai. Goggo ta wuce gaba, Yaya na bin ta, ni kuma na saɓa jaririna na bi su har ƙofar zaure ta ciki, iyakar inda mai jego ke tsayawa. Dattawa sun miƙe, an shafa fatiha, Baba yana jan carbi kansa a ƙasa. Mijin Yaya ya matso bakin ƙofar waje yana kaɗa igiya a ƙafarsa. Yaya ta rusuna ta gaida maza, ta miƙe ta nufi ƙofar. Ba ta waiwayo ba.

Sai na ji an ture kafaɗata. Inna ce, ko mayafi babu. Ta tsaya a bakin zauren da ba ta taɓa shiga ba in akwai maza, ta kira sunan Yaya. Sunanta na yanka, cikakke. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, muryar ma a shaƙe ta fito, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Amma kowa ya ji. Carbin Baba ya tsaya. Ɗaya dattijon ya ce subhanallahi a hankali. Goggo ta juyo baki buɗe.

Yaya kaɗai ce ba ta ji ba. Ta ci gaba da tafiya, ƙafarta ɗaya har ta taka dokin ƙofa.

Inna ta ratsa zauren, ta tsallake tabarmar maza da takalmansu, ta cafko hannun Yaya a gaban surukin da tun ɗaurin auren ba ta taɓa yarda ya ga fuskarta ba. Yaya ta dunƙule ta kare kai, sai da ta ga ko wace ce ta tsaya tana kallo kamar ba ta gane ta ba. Inna ta fizge sabon ɗankwalin ta yar, ta juya kan Yaya wajen hasken ƙofa, ta ɗaga gashin, ta dubi Baba.

“Malam, duba. Ɗiyata ce, ni na haife ta. Ba ta zuwa.”

Goggo ta ce yau kunya ta ƙare a gidan nan. Inna ta ce ta ƙare. Dattijo ɗaya ya fara cewa tsautsayi ne, ɓacin rai ne, ai yaro ya rantse. Mijin ya buɗe baki ya ce ai shi bai yi nufin ya kai haka ba, na ce masa daga inda nake, da ya kai ina kake nufi? Ba wanda ya tsawata mini, don duk ido yana kan Baba. Na san abin da yake aunawa: yayarsa da ta goya shi, bijimansa da ke tsaye a waje, hatsinsa da ke zube a gona. Baba ya tako ya sunkuya ya dubi ciwon, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago bai kalli Goggo ba. Ya ce da dattawan su gaida gida.

Suka tafi da amalanken, bijiman kuma ba su dawo ba wannan kakar. Da jakin aro da kawunan ƙannena aka kwaso hatsinmu, wani ma gara ta riga mu. Washegari aka kai Yaya likita a Magarya, ciwon ya warke a hankali, kunnen dama ya dawo rabi-rabi. Auren ya mutu kafin damina. 'Ya'yan ba a ba ta su ba, sai da suka yi wayo suka riƙa satar hanya suna zuwa ganinta. Goggo ba ta sake taka gidanmu ba sai ranar da Baba ya rasu. Inna kuwa, matan da ke misali da ita su ne suka riƙa yin shiru in ta iso rijiya, har da waɗanda na san abin da ke ƙarƙashin ɗankwalinsu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A yammacin ranar bikon, da gida ya yi tsit, na zaunar da Yaya na kai baki kusa da kunnenta na gaya mata Inna ta kira sunanta. Ta ce in daina tsokana, ba ta da ƙarfin wasa. Na rantse mata. Ta juya ta kalli Inna, wadda ta koma bakin murhu tana dafa mini ruwan wanka, bayanta gare mu. Can Inna ta ce da ni, ba ta waiwayo ba, in gaya wa ɗiyar tsohuwa ga fura nan. Ba ta sake kama sunan ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ni da Yaya duk mun tsufa, gashin da zan kitsa mata bai fi cikin tafi ba, amma har yau ni ke yi mata. Kuma kusan duk lokacin da ta ɗora kai a cinyata, in na iso gefen dama inda tabon yake, sai ta ce in faɗa mata yadda Inna ta faɗa. Nakan sunkuya in kai bakina kunnenta, in shaƙe murya gwargwadon yadda na tuna, in kira sunan. Sai ta ce in sake.